Gida Mai Mutum Shida

A bayan Goma ƙasa ba ta karɓar turke.
Aman dutsen wuta ne ya daskare, baƙi, mai kaifi,
sai dai mu danne bakin tamfol da duwatsu
mu ce mun kafa gida.

Ni ne mai rajista.
Da can alli nake riƙewa a Masisi,
ina koya wa yara tarawa da ɗebewa,
shanu na kuka ta bayan taga.
Yanzu an ba ni riga mai tambari, da biro ɗaure da zare,
da littafi mai gida uku:
sunaye, ƙauye, yawan bakin da za a ciyar.
Tun Janairu ɗebewa kawai nake yi.

Ranar rabo mota kan iso da hantsi,
in hanya ta yarda.
Samari su ɗora buhuna a keken katako
su turo su bisa kaifin dutse:
garin masara, wake, gishiri cikin tafin hannu,
man girki a galan da bai taɓa cika ba.
Layi ya miƙe tun asuba har ya lanƙwasa ta bayan masai.
Bauma na kan sikeli, ni ina kan sunaye.
In an ji dirin bindiga daga tsaunuka
ba mai ɗaga kai.
Wanda ya bar layi ya bar tuwonsa.

Ndoole ce ta ɗari da goma sha bakwai.
Katinta ya jiƙe, ya bushe, ya sake jiƙewa.
Mutum shida, in ji katin.
Ni kuwa na san biyar ne,
don ina cikin waɗanda suka fasa dutse da diga ran Talata,
awa huɗu, kafin mu sami zurfin da zai ɗauki Lukoo,
ɗan shekara bakwai,
wanda amai da gudawa suka tafi da shi a kwana biyu.
Ni na koya masa rubuta shida.
Kullum sai ya juya ta, cikinta ya kalli hagu.

Doka ta ce in soke, in rubuta biyar.
Biron ya zame mini garwashi.
Na ce a raina, bari in makance yau,
mudu guda ba zai talauta masu bayarwa ba.

Ta riga ni buɗe baki.
"Malam, gyara littafinka. Lukoo ya daina ci."
Sai ta janyo wata yarinya daga bayan zanenta,
ƙafa duk faso, hannu riƙe da murfin tukunya,
babu tukunyar.
"Jiya na je itace ta hanyar Sake,
na tsince ta a gindin ayaba.
Ba ta magana. Ba mu san ko 'yar wa ce ba.
Tabarmarsa ta yi mata daidai."

Na duba littafin.
Babu gidan wanda ya tafi,
babu gidan wanda aka tsinta.
Ofis lamba yake so,
lambar kuma ko motsi ba ta yi ba.

"Wane suna zan sa?"

Ta dubi yarinyar,
ta dubi dutsen da ke hayaƙi can sama.
"Bar wurin a buɗe tukuna.
Tana da nata. Wata rana za ta faɗa mana."

Bauma ya auna na mutum shida.
Allurar sikeli ta yi rawa ta tsaya.
Ndoole ta goya buhun, igiya a goshi,
yarinyar na biye da ita,
murfin a ƙirji kamar garkuwa.

Da dare ruwa ya sauko.
Tamfol na ɗiga a gwiwata, na kunna tocila,
na ja layi siriri a kan sunan Lukoo,
yadda har yanzu zai karantu.
Ƙarƙashinsa na bar fili, faɗin ɗan yatsa.
A gidan ƙarshe ɗigon ruwa ya cinye lambar,
na sake rubuta ta,
cikinta na kallon hagu.

Gobe mai duba aiki zai ce kuskure ne.
Zan ce masa hannuna ne ya yi sanyi.